Akun da Ban Ji Ihunsa Ba

Bayan na ajiye aikin koyarwa na koma Makarfi, 'yata ta kira ni a waya ta ce za ta aiko mini da ƙaramin aku kore, irin na ƙasar waje, ya ɗebe mini kewa. Ban gamsu ba. Na yi zargin ɗan rahoto ake son dasa mini, domin kowa ya san aku da kwashe magana.

Ta gargaɗe ni cewa tsuntsun yana da tsananin ƙara. Saboda haka na sa aka ƙera keji, na rataye shi bayan rumbu, nesa da zaurena. Na tanadi baƙin zane na lulluɓe shi, na kuma bi maƙwabta ina neman afuwa tun bai iso ba.

Da ya iso, sai na ga yana wage baki, amma sautin bai fi na ɗan tsako ba. Na ce lallai an cuci yarinyar, an sayar mata da marar lafiya.

Ran nan maƙwabcina manomin rake ya yi sallama. Da muka gama gaisawa ya ce, “Malam, don girman Allah a rufe tsuntsun nan. Ihunsa har gonata!”

Sai na tuna 'yata ta daɗe tana roƙona in je Zariya a duba kunnena, ina ƙi. Wannan karon na je. Har yau tana rantsuwa ba da gangan ta zaɓo mai ƙara ba, ni kuwa ban yarda ba.