Farar Rigar Sista Ketura a Kan Igiya

Kafin ta buɗe ɗakin magani, kafin ma ta sha shayi, Sista Ketura Dzarma wanki take yi. Farar rigar aikinta ta jiya za ta wanke, ta shanya a igiyar gaban asibiti, inda duk mai zuwa rijiya zai gani. Riguna biyu gare ta, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya. Haka ta shafe shekaru tana aikin jinya a wani ƙaramin gari na arewacin Borno, wanda ba zan kama sunansa ba saboda dalilin da kowane ɗan jihar nan ya sani.

Ita tsabtarta kawai take yi, mutanen gari ne suka mai da abin gidan rediyo. Tun da hanya ta lalace, mota ba ta shiga sai da rakiyar soja, sun lura ma'aikatan gwamnati ke fara jin ƙishin-ƙishin, su ne kuma ke fara ficewa. Sai mata suka yi nasu lissafin: in rigar Sista na kan igiya, a ɗora tukunya, in babu, a ɗaure kaya.

Wata damina amai da gudawa ya faɗa wa garin. Gadaje suka ƙare, aka shimfiɗa yara a tabarmi, ledojin ƙarin ruwa na rataye a ƙusoshin bango. Ana cikin haka, da hantsi, labari ya zo cewa an ga 'yan bindiga a ƙauyen gaba. Simon, direban da aka turo daga Maiduguri, ya faka a ƙofa bai kashe mota ba.

"Sista, an ce in kwaso ma'aikata. Ayari ba zai jira mu ba."

"Bari in gama da yarinyar nan," in ji ta, tana laluben jijiya a hannun Mu'mina, 'yar Ya Zainaba.

Simon mutumin kirki ne, amma baƙo. Don ya rage mata aiki, ya fita ya zare rigar daga igiya, ya cusa a jakarta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kafin Sista ta ɗago kai, gari ya yamutse. Iyaye mata suka shigo asibiti a guje, kowace na ƙoƙarin cire allurar ruwa daga hannun ɗanta ta goya shi su shiga daji. Yaron da ke zawo kamar famfo, in aka raba shi da ruwan nan, ba zai kai la'asar ba, kuma Sista ta sani.

Ta riƙe hannun Ya Zainaba. "Me ya faru?"

"Ke ma tafiya za ki yi. Mun ga igiya."

Sista ta saki hannunta. Ta fita, ta zazzage jakar a ƙasa, ta ɗauki rigar da danshinta da ƙurarta, ta mayar da ita igiya. Maƙalin shanyar ya faɗi, ta sake ɗauka.

Bulama Madu, mai garin, ya matso. "Sista, ke nan ba za su zo ba?"

"Baba Bulama, ban sani ba. Ban ce babu haɗari ba. Na ce ina nan."

Motar ta tafi ba ita. Matan suka koma tabarmi, kowace ido ɗaya kan ɗanta, ɗaya kan hanya. Allah ya tsare, ba a shigo ba ranar. Mu'mina ta tashi, yanzu har tana makaranta.

Ke ce, 'yar Dzarma, 'yar kudancin Borno da ta koyi Barbarci a bakin masu naƙuda. Ke ce kike zuwa coci a zuci ran Lahadi, don babu wanda zai karɓe ki aiki. Tsoro kin ji shi kamar kowa, kika shanya riga duk da haka. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan naki lafiya.

Bana ta yi ritaya, tana unguwar Ajilari a Maiduguri wajen 'yarta. Na same ta a tsakar gida, ta ce abu ɗaya ke hana ta sukuni: har yau ba a sami wanda zai maye gurbinta ba.

Ku ƙannenmu da kuka gama makarantar jinya, kuke zagaye asibitocin Maiduguri kuna jin "babu gurbi", ban ga laifinku ba in kun ji tsoro. Hukuma ma ta sani, ba a tura mutum can da fatar baki. Amma gurbi kam akwai. Bulama Madu ya kira ta a waya makon jiya. Ya ce mata har yanzu suna bi ta gaban asibiti in za su rijiya, su ɗaga kai su dubi igiyar, ba su kuma kwance kayansu ba.