Ɗaurin Cikin Kyanwar Kaka

Har yau in aka buɗe man kaɗanya kusa da ni sai na kawar da kai. Jikokina suna tsammanin iyayin tsufa ne. Ba su san cewa da warinsa ya bugi hancina, kyanwar kakata nake gani kwance a kan tsumma, ni kuma tsugune da tsinke a hannu ba.

A Zuru na tashi, a wani gida da ke gindin dutse. Lokacin ina da shekara bakwai ko takwas, Turawa ba su tafi ba tukuna. Kakata ta wajen uba tana da baƙar kyanwa mai farin wuya, wadda ta ɗauko daga Dabai a cikin kwando. Aikinta tsaron rumbun dawa, kuma ta iya aikinta. Ni dai na ƙi jininta, ba don komai ba sai don cikinta. Wata fata ce ke reto gab da ƙafafunta na baya, in tana tafiya ta riƙa lilo kamar salkar da ruwa ya ƙare. Gashin wurin bai da yawa, kana hango jan fatar. Kuma duk faɗin gidanmu ba ta ga wurin hutun rana ba sai tabarmata. Ta zo ta baje mini wannan abu mai ɗumi a kan ƙafa, tsigar jikina ta tashi. Ran da ta tsallake akushina fatar ta shafi tuwo, da yunwa na yini.

A daminar shekarar mahaifiyata ta haifi ƙanena. Ina kallon gwaggona tana yi mata wankan jego safe da yamma, ta gama ta naɗe mata ciki da zane ta ja tamau. Na tambayi dalili, ta ce in ba a ɗaure ba cikin zai saki, ya zube ke nan har abada. Nan take, a wautata, na gano ciwon kyanwa. Sau uku tana haihuwa a bayan rumbu, ba wanda ya taɓa ɗaure ta.

Baffana tsohon soja ne, kamar yawancin mazan unguwarmu. A akwatinsa na ƙarfe akwai dogon ƙyallen nan mai kauri da sojoji ke naɗewa a ƙwauri. Ran kasuwa, da gida ya watse, na ɗauko shi. Na yaudari kyanwa da kan busasshen kifi, na danne ta da gwiwa, na naɗe cikin na ja iya ƙarfina, na yi ƙulli biyu a gadon baya inda bakinta ba zai kai ba. Ta yakushe ni har jini, amma ban damu ba, don cikin ya ɗame gwanin kyau. Ta yi tsalle za ta hau katanga, ta faɗo, abin da ban taɓa gani ba. Sai ta bi ta rariya ta nufi dutse.

Kwana goma sha ɗaya ba ta dawo ba. Kaka ta riƙa fita kiranta, ruwa na dukanta. Ɓeraye kuwa kamar an yi musu shela, suka shiga rumbu. Baffa yana ta neman ƙyallensa.

Warinta ne ya riga ta shigowa gida. Da hantsi ta lallaɓo tana jan ƙafa, ƙudaje na binta. Ƙyallen ya sha ruwa ya ƙara matsewa, ya ci fata ya nutse a nama. Da Kaka ta sa aska ta yanke shi, fatar ta biyo shi, ga fararen tsutsotsi suna motsi a ciki kamar shinkafa a tafasa. Nan na juya na yi amai.

Ba a tambayi wanda ya yi ba, ga yakushi nan a hannuna bai gama warkewa ba. Kaka da yarenmu take faɗa, amma in tana son kowa ya ji sai ta juya Hausa.

"Ke, mi ta yi maki?"

Ina kuka na ce jego na yi mata. Ba ta duke ni ba, da ma ta duke ni. Kunnena ta kama ta ja ni har bakin dangar maƙwabta, inda muzurunsu ke tafe, cikinsa na lilo irin na tamu sak.

"Wanga hwa? Shi ma haihuwa ya yi?"

Ta ce haka Allah ya yi su, mace da namiji. Fatar nan kamar hantsar wando take, da ita suke miƙewa in za su yi tsalle, in kuma faɗa ya haɗa su, farcen abokin gaba ya samu fata ba hanji ba. Sannan ta karyo tsinken tsintsiya ta miƙo mini.

"Hannun da ya ɗaure, shi ka cirewa."

Baffa ya ce a kashe ta kowa ya huta. Kaka ta ce sai ran da ta ƙi lasar ruwa. Kwana uku ina zaro tsutsa ɗaya bayan ɗaya, Kaka na riƙe da ita. Mu wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, in shafa man kaɗanya da yatsana a cikin ramin. Warin ya kama mini farce, ko na wanke da toka bai fita. Ƙyamar da nake yi wa kyanwa duk ta dawo kaina.

Ta rayu. Sai dai wani zobe ya zagaye jikinta da gashi bai sake fitowa ba, kuma ba ta ƙara hawa rumbu ba. Shekarar nan muka ci dawa da kashin ɓera a ciki. Tabarmata kuwa ta bar mini ita. Na shimfiɗa a inuwa, na ajiye kan kifi, na kira ta. In ta hango ni sai ta zagaya ta bayan turmi. Haka muka zauna har ta mutu.

Yanzu zamani ya kai kyanwa tana da suna, tana da kwanonta da likitanta. Watannin baya jikata ta zo mini hankali a tashe, wai cikin kyanwarta ya saki, ko ciwo ne. Na ce in tana ci, tana tsalle, kuma babu wani ƙullutu mai tauri a wurin, ta rabu da ita. Ba ta yarda ba sai da likitan dabbobi ya maimaita mata abin da Kaka ta faɗa kyauta.

Rannan ina zaune kyanwar ta hayo cinyata ta baje wannan fata mai ɗumi. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu ina ƙyamarta, tsigar jikina ta tashi kamar da. Ƙafata ta yi sanyi, lokacin shan maganina ya wuce, amma ban motsa ba sai da ta tashi don kanta.