Ɗakin Gobe

Abin da na fara gani ranar Litinin ɗin da Kawu ya kai ni makaranta a Talata Mafara shi ne ɗakuna uku da aka zana da toka a ƙarƙashin darbejiya. Kaka ce, an fara yankan gero, hularsa ma duk ƙaiƙayi. Wata malama 'yar Kudu, Malama Bose, tana faɗin magana da Turanci, yara suna tsalle daga wannan ɗaki zuwa wancan. Daga baya na gane cewa na farko jiya ne, na tsakiya yau, na ƙarshe gobe.

Daga Faru aka kawo ni, inda na tashi a hannun kakata Inna Jumba, Bafulatana mai shanu shida. Ba ni da yawan magana, sai kallo. Tun a can na lura cewa idan tana tatsa takan ce "miɗo ɓira", idan ta gama ta ce "mi ɓirii", wutsiyar kalmar ce ke sauyawa. Gwaggo kuwa, matar Kawu, a bakin turmi da Hausa cewa take "ina daka", "na daka", "nakan daka", dakan yana nan yadda yake, 'yar kalmar gabansa ce ke nuna ko aiki ya ƙare. Turanci na same shi ba shi da alƙibla ɗaya, wani lokaci gaba yake taɓawa, wani lokaci baya. Duk da haka ƙafata ba ta taɓa faɗawa ɗakin da ba daidai ba. Bakina ne ya ƙi buɗuwa. Bayan sati uku hedimasta ya gaya wa Kawu cewa in Juma'a ta zo ban yi magana ba, za a mayar da ni aji biyu cikin ƙanana.

Ranar Juma'ar Malama ta sa ni gaba. Na shiga jiya na faɗi abin da ta faɗa, da muryar da ko ni da ƙyar na ji, na shiga yau na maimaita. Sai ta nuna na uku, ta ce in ce da Turanci zan ci jarrabawa. Na tsaya cak a bakin tokar. A gidan Inna ba a ambaton gobe tsirara. Ko rijiya na ce za ni da safe ban ce in Allah ya kai mu ba, sai ta ɗaga maburgi ta ce, "Ke ce mai goben?"

"Baƙauyar ta ƙafe, a turo ta," in ji wata Hajara, yara suka kwashe da dariya. Hedimasta yana tsaye a baranda yana duba agogo.

Yau ni ke koyar da Turanci a Bakura, da allo da littattafai, Inna kuma ta daɗe da rasuwa. Har yanzu idan ɗaliba ta yi shiru nakan jira kaɗan, don sau da yawa ta san amsar.

Malama Bose ma jira ta yi. Ta durƙusa har kanta ya zo daidai da nawa, ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, "Rabi, menene ya tsare ki?"

Na ɗaga murya yadda na baranda zai ji.

"Malama, don Allah ki koya mani yadda ake cewa in Allah ya yarda da Turanci. In kin faɗa mani, zan shiga."