Ragon Sunan da Malam Ya Ƙi Yankawa

Mutumin da bai ji tsoron Allah ba lokacin da yake harbin manomi a gonarsa, me ya sa zai damu sai liman ya zo ya raɗa wa ɗansa suna? Na tambayi malamai, na tambayi kaina, har yau ban sami amsar da ta zauna mini ba. Ni ban yi karatu ba. Ko wannan ɗin ɗiyata ce take rubutawa ina faɗa, idan kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Maigidana shi ne limamin ƙauyenmu, can gaba da Wurma a ƙasar Kurfi. Tun ina amarya ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake cewa. Ba wani babban shehi ba ne, manomi ne kamar kowa, sai ɗan kiwon tumaki a bayan gida. Abin da na sani na addini ta bayan katangar zaure na tsince shi, ina tankaɗe yana karantar da magidanta bayan la'asar. A nan na ji yana cewa sallama alkawari ce, duk wanda ka yi wa sallama ka gaya masa ke nan ba zai ga cuta daga gare ka ba. Na ji yana cewa jinin mutum da dukiyarsa da mutuncinsa haram ne a kanka, kuma wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba, a wurin Allah kamar ya kashe mutane duka ne. Yakan ce ko a fagen yaƙi an hana taɓa tsoho da mace da yaro, balle mutumin da ya fita da fartanya. A lokacin nakan ɗauka maganar mutanen da ce. Wa zai kashe wa a ƙauyenmu?

Sai 'yan bindiga suka shigo dajin da ke bayan gonakinmu. Da shanu suka fara, suka koma tumaki, daga baya mutane. Ladanin masallacinmu a gona suka harbe shi saboda ya riƙe igiyar ragonsa ya ƙi saki. Rago ne fari mai karyayyen ƙaho, kowa ya san shi, don layya yake kiwonsa. Malam ne ya yi wa ladan wanka, ya sallace shi, ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Cikin daminar nan, wata rana da yamma, babur ya tsaya a ƙofar gidanmu. Mutum biyu, bindigogi a kafaɗa. Da kunnena na ji sun yi sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu. Suka ce matar shugabansu ta haihu, gobe suna, ana son liman da wanzami, za a zo a ɗauke su da safe.

Dattawan gari suka cika zaure. Wani ya ce Malam ya gudu Dutsin-Ma tun yanzu. Wani ya ce in ya gudu mu za a ƙone. Mai unguwa ya ce, "Malam, don Allah duk abin da suka ce ka yi, ka yi kawai. Gero ya fara kai, gonakin duk a bakin dajin suke."

Malam ya ce, "Jariri bai yi wa kowa laifi ba. Yana da hakkin suna mai kyau da addu'a. Zan je."

Wanzamin garinmu sa'an Malam ne, tare aka yi musu kaciya, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya ce, "Kai ai da sauƙi, hannu za ka ɗaga ka shafa. Ni ne zan ɗora aska a kan ɗan mai bindiga, ga hannuna yana rawa."

Malam ya ce, "Shekara nawa kana yanka mini ƙeya, na taɓa harbinka?"

"Don ba ka da bindigar ne."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Washegari da safe aka zo aka ɗauke su. Bayan azahar wanzami ya dawo a ƙasa, shi kaɗai, babu takalmi, babu zabirarsa. Ya zauna a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Sai da aka ba shi ruwa sannan ya iya magana, kuma abin da zan faɗa daga bakinsa na ji.

Ya ce an shimfiɗa musu tabarma a gindin wata tsamiya, an kawo goro da dabino kamar kowane suna. Aka miƙo jaririn, namiji. Malam ya karɓe shi, ya raɗa masa suna a kunne, ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ya raya shi bisa Musulunci, ya ciyar da shi halal, ya sa kada hannunsa ya taɓa zubar da jinin kowa, ya sa mutane su kwana lafiya a kusa da shi. Wasu daga cikinsu har sun ce amin. Uban yaron bai ce ba.

Sai aka jawo ragon suna, aka miƙa wa Malam wuƙa. Fari ne, ƙahonsa ɗaya a karye.

Malam ya ce, "Wannan na marayu ne. Ni na binne mai shi."

Uban yaron ya ce, "Liman, yanka muka ce ka yi, ba shari'a ba."

Malam ya ce, "Ɗana, ina da rago a gida. Aika a ɗauko, na ba yaron nan kyauta, in yanka masa da hannuna."

Suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Ragonka ai namu ne duk ranar da muka ga dama."

Malam ya ce, "In kun ƙwace haram ne, in na bayar halal ne. Kada ku fara wa yaro rayuwa da wannan. Ba zan ambaci sunan Allah a kan abin da aka kashe mutum aka karɓa ba."

Ya ajiye wuƙar a kan tabarma. Su suka yanka da kansu. Wanzami ya yi askinsa. Da aka gasa hanta aka kawo, ya ci, ya ce mini bai san ma ya haɗiye ba, kuma ni ban taɓa ganin laifinsa ba. Malam bai miƙa hannu ba. Aka ce wanzami ya tashi ya tafi kada ya waiwaya. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar bindiga.

Da yamma aka ɗauko gawar Malam a bakin gonar mai unguwa. Babu liman, babu ladan, ƙaninsa ne ya ja sallar. Ba mu girbe geron nan ba. Kafin in fita takaba garin ya watse, ɗiyata ta kawo ni wurinta nan Dutsin-Ma.

Wani malami a nan ya gaya mini wanda aka tilasta da bindiga, da ya yanka ma Allah ba zai kama shi ba, amma wanda ya tsaya ya fi lada. Na yarda. Duk da haka akwai ranakun da nake jin haushinsa, in ce da ka yanka, Malam, da ka yanka ka dawo mini. Sai in yi istigfari, in yi kuka, in tashi in yi alwala.

Da safen da za su tafi na dama masa koko bai sha ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki carbi. Babur na jira a waje. Na bi shi har bakin zaure, na ce, "Malam, gidan suna dai za ka, ba sai na ajiye maka abinci ba ko?"

Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ki ajiye mini tuwona, tsohuwa. Ba zan ci komai a can ba."