Maraƙin da Inna Ta Ƙarasa Mana

Shekarar da aka kwantar da Ummanmu a asibiti a Birnin Kudu, ni da ƙanwata Hanne aka kai mu Kwandiko wurin Inna, mahaifiyar Umma. Ni na yi wayo, Hanne kuwa ko makaranta ba ta shiga ba. Lokacin sanyi ne. Da an ci tuwo Inna za ta hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta tura mana gyaɗa cikin toka, jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya irin yadda kowa ke farawa. Gyaran murya take yi ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita." In amsar ta yi sanyi, sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta koma, dole mu sake da ƙarfi.

Inna cikin shanu ta tashi, saboda haka labaranta duk warin garke suke yi. Kuma ba ta yi wa dabba ƙarya. Kura ba ta taɓa tuba a bakinta ba.

Wata rana Kawu Sule, autan su Umma, ya zo daga Birnin Kudu da tsohuwar laftof ta hannu a jaka. Ya ce akwai katun, wato fim ɗin zane, a ciki. Nan take muka watse daga gindin wuta muka bar Inna da gyaɗarta. Ta ja kujerarta ta zauna a bayanmu.

Fim ɗin na wani maraƙi ne da uwarsa. Da Turanci suke magana, Kawu yana fassara abin da ya kama, sauran ya cike da nasa. Inna tana ta gunaguni a baya.

"Wannan saniya ce ko jaka? Ina tozonta?"

Muka ce ta yi shiru. Can garken ya zo tsallake kogi, ruwa ya ja uwar, maraƙin ya tsaya a gaɓa yana kuka. Daidai nan hoton ya daskare, fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya da ƙananan rubutu, sannan ta ɗauke. Kawu ya cire batir ya mayar, ya hura iska a gefenta, ya danne maɓalli har yatsarsa ta gaji. Takan kunnu, ta nuna kamar za ta buɗe, sai ta sake komawa farko.

Mu manya tsaki muka yi. Hanne ce ta ɓare baki. Ta riƙe rigar Kawu tana cewa sai an nuna mata uwar ta fito. Aka ba ta gyaɗa ta watsar. Kowa ya san ba saniya take yi wa kuka ba.

Inna ta ɗauke ta ta koma gindin wuta. "Ga wata baƙuwa a ƙofa," in ji ta. "Wannan na san ta, a garkenmu aka yi."

Ta ce maraƙin ya kwana a gaɓa yana kira, da safe makiyayi ya saɓo shi a kafaɗa. A garken akwai wata jar saniya da nata ɗan ya mutu, nono ya cika mata har yana zuba. Aka kai mata shi, ta shinshina ta kai masa harbi. Sai makiyayin ya jiƙa gishiri ya shafe bayan maraƙin. Saniyar ta matso don gishirin, ta lasa, ta ƙara lasa. Kafin gishirin ya ƙare ta saba da ƙanshinsa, ta tsaya cak ya kama nono.

Hanne ta ce, "Inna, uwar tasa fa?"

"Ruwa ya tafi da ita."

"Ba za ta dawo ba?"

"Ba ta dawo ba, Hanne. Amma bai kwana da yunwa ba, kuma ya girma har ya yi ƙaho."

Na ji haushin Inna a ranar. Tunda labarin a hannunta yake, me zai hana ta fito da saniyar? Hanne dai ta daina kuka, tana ta tambayar yadda ake shafa gishirin har barci ya ɗauke ta. Sati bai cika ba Allah ya karɓi ran Umma. Ƙanwarta, Yafendo Rabi, ita ta ɗauki Hanne ta tafi da ita Gwaram, kuma yarinyar ta bi ta ba gardama.

Yanzu gyaran waya da kwamfuta nake yi a Birnin Kudu. Inna ta daɗe da rasuwa. Bara Kawu ya tono laftof ɗin daga ƙarƙashin gado ya kawo mini, wai ko jikoki za su yi wasa da ita. Da na buɗe, ciwon bai kai yadda ya tsorata mu ba. Manhajar da ke tayar da ita ce ta lalace, shi ya sa take ta komawa farko. Ban yi gaggawar goge ta ba. Na tayar da ita ta filash, ɗan ma'ajin da ake soka mata a gefe, na kwashe abin da ke ciki, sannan na zuba mata wata manhaja marar nauyi da tsufanta zai iya ɗauka. Fim ɗin yana nan lafiya lau.

Muna zaune a shagon Kawu ya gaya mini abin da ban sani ba. A ranar da ya kawo mana fim ɗin nan daga asibiti yake, kuma kafin ya buɗe jaka ya riga ya shaida wa Inna cewa likitoci sun ce sai dai addu'a.

Na kai wa Hanne har gidanta a Gwaram, muka kalla da 'ya'yanta. Gaskiya zanen ya yi kyau, musamman ruwan kogin, kuma yara sun yi dariya sosai. Sai dai maraƙin ya cika surutu, waƙoƙin sun yi yawa, shanun kuma har yau ba su da tozo. A ƙarshe uwar ta ɓullo daga bayan tsauni, ko ɗingishi ba ta yi, aka rungume juna ana kiɗa. Yaran suka yi ta tafi. Fim ne mai daɗi ga yaron da uwarsa ke kusa tana tuƙa masa tuwo.

Hanne ta daɗe tana kallon sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim ɗin. Sannan ta ce, "Yaya, da wannan na gani a ranar nan, da har yau ina bakin ƙofa ina jira."

Tun daga nan nake yawan tuna muryar Inna lokacin da ta ce ruwa ya tafi da ita. Ko rawa ba ta yi ba. 'Yar cikinta ce a kwance, kuma a ranar babu wanda ya kai Inna son a ce saniyar nan ta fito. Amma ta haɗiye, ta dubi yarinyar da ke kan cinyarta, ta faɗa mata gaskiya daidai yadda za ta iya ɗauka.