Gunkin da Ya Shiga Makka da Sa Hannuna

Har gobe ban manta da wata Talata cikin watan Sha'aban ba, a shekarata ta goma sha ɗaya da kama aiki a siton marmara na Ammu Bakur da ke unguwar Kudai a Makka. Ku da kuka zo daga baya kuna ganin ina tsananta muku a kan buɗe akwati, har na ji wani yana cewa Harun ya tsufa ya fara rigima. Na ji, kuma ban ji haushi ba. Ku dai saurari abin da ya faru.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Kaya suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, mukallis, wato wakilinmu mai fito da kaya, ya gama da takardu ya kai su wani ƙaramin fili da muke haya a can. Daga nan aikin mai kula da sito ne, wato ni a lokacin. In je Jidda, in buɗe kowane akwati, in gwada abin da ke ciki da abin da ke rubuce, sannan in sa hannu a ƙarƙashin layin da ya ce an buɗe an duba. Sai bayan haka mota za ta ɗauko su zuwa Makka. Dalilin dokar a bayyane yake, ba kowane abu ne ke shiga garin nan ba.

Amma tsofaffin ma'aikata suna da wata dabara. Marmara mai sassaƙa ba ta son yawan buɗewa da rufewa, kowace ƙusa ka zare ka mayar kana iya ɓantare mata gefe. Saboda haka sai mu buɗe biyu ko uku, sauran mu ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma mu saurara. Dutse mai lafiya yana da amonsa, fasasshe ma yana da nasa. Ni kuwa ina taƙama da kunnena, har cewa nake ko cikin barci aka ƙwanƙwasa akwati zan faɗi abin da ke ciki.

A shekarar, wani dattijo a unguwar Misfala ya gina ƙaramin masallaci sadaka ga mahaifiyarsa, yana son mihrabi na farar marmarar Indiya, sassaƙar hannu. Wanda ya haɗa cinikin shi ne Mu'allim Rafik, babban magininmu, Ba'indiye musulmi, shekararsa goma sha tara tare da Ammu Bakur. Ƙaninsa ne ke da wurin sassaƙa a garinsu. Rafik mutum ne marar magana, siriri kamar sanda, ƙurar dutse ta riga ta cinye masa ƙirji. Kowa a sito ya san burinsa guda ɗaya ne a duniya, ya mutu a Makka a yi masa salla a Harami. Shi ya sa ko hutunsa ba ya cika ɗauka, yana tsoron ajali ya same shi a Indiya.

Akwati goma sha biyu suka iso. Na je Jidda ranar Lahadi, rana tana dukan tsakar ka, na buɗe uku, na ƙwanƙwasa tara. Akwati mai lamba tara ya ba ni wani amo daban, kamar ka bugi tulu cike da ruwa. Na ce wa kaina ciyawa suka cika masa, tunda shi ne ke ɗauke da kan mihrabin mai rubutun aya. Na sa hannu, na dawo gida na ci abinci.

Ranar Talata da hantsi muka fara buɗe su a Kudai, ni da Rafik da leburori biyu. Da muka zo kan na tara, Rafik ya zare ƙusoshin, ya yaye ciyawar sama, sai na ga ya tsaya cak. Na leƙa. Fuskar mace ce take kallona, fara sol, tana murmushi. Muka ƙara yaye ciyawar. Tsayinta bai wuce kamu biyu ba, tana zaune a kan furen bado, hannuwanta huɗu, biyu riƙe da fure, ɗaya a buɗe, ɗaya kuma tsabar kuɗi na zuba daga tafinsa. Ni da na shekara goma sha ɗaya cikin dutse ban taɓa ganin sassaƙa mai laushinta ba. Gunki ne, a Makka, tafiyar 'yan mintuna daga Ka'aba.

Ɗaya daga leburorin ya fara salati, ɗayan ya kai hannu aljihu. Na daka masa tsawa ya bar wayar nan, na tura shi ya ja ƙofar sito ya kira Ammu daga ofis.

Ammu Bakur haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Makka, kakansa ne ya zo daga Haɗejiya da ƙafa. Idan ransa ya ɓaci Hausarsa da Larabcinsa sukan cakuɗe. Ya zo yana gyara hula, ya leƙa akwatin, ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"A'uzu billahi. Esh hada, ya Harun? Mene ne wannan a sitona?"

Rafik ne ya yi magana da gurguwar Larabcinsa. Ya ce Hindu suna kiranta Lakshimi, ta arziki ce a wurinsu, suna ajiye ta a wani lungu na gida suna kunna mata fitila. Ya ce a garinsu masassaƙi ɗaya ne ke yin mihrabi da safe ya yi irin wannan da yamma, kuma shi kansa abin da ya raba shi da gida ke nan tun yana saurayi, ya ƙi ci gaba da sassaƙa su.

"Wato ka san ta," in ji Ammu. "Kuma ƙaninka ne ya aiko."

"Hannunsa ne, ya Ammu. Na gane yadda yake yin yatsu."

Wannan gaskiyar ce ta kashe shi. Ammu ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa, wanda ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce idan labarin nan ya fita za a rufe sito, sunan gidansu da kakansa ya gina ya zube a Hindawiyya. Ya ce in ɗauko babbar guduma a farfasa abin nan a zuba cikin ɓaraguzan da ake kwashewa. Sannan ya dubi Rafik ya ce, "Kai kuma kalas, taka ta ƙare. Ka haɗa kayanka, gobe zan yi maka huruj niha'i." Wato bizar fita ba dawowa.

Rafik bai roƙe shi ba. Ya dafa gefen akwatin kawai.

A nan ne zan gaya muku abin da nake jin kunyarsa. Takardar da na sa wa hannu tana cikin aljihun rigata. Ammu bai tambaye ta ba, domin bai taɓa kawowa a ransa cewa Harun zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. A tunaninsa ma Rafik ne ya karɓi kayan, tunda cinikinsa ne. Da na buɗe akwatin nan a Jidda, da magana ce ta kuskuren kaya, mukallis ya gyara a kwana biyu ba wanda ya ji. Ni na shigo da shi Makka. Na san haka sarai, amma ni ma baƙo ne, da ikama nake zaune, wato takardar izinin zama, iyayena ta Sudan suka zo, ina da 'ya'ya huɗu a makaranta. Na ja bakina na tafi ɗauko guduma.

Na dawo da ita a kafaɗa, ina jin nauyinta har cikin haƙarƙarina. Fasa gunki bai dame ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya dame ni shi ne Rafik da ke tsaye kusa da shi. Na gyara tsayuwa ke nan Rafik ya ɗaga hannu.

"Ya Ammu, kafin ya buga. Idan wannan tana nan, ayar tana ina?"

Ba wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Akwati na tara shi ne mai kan mihrabi, da ayar Alƙur'ani a sassaƙe daga gefe zuwa gefe. Idan an musanya lamba a wurin ɗaure kaya, to ayar tana gidan da ake jiran gunkin. Ammu ya nemi wuri ya zauna a kan wani akwati, ya ce da Rafik ya kira ƙaninsa yanzu.

An ɗauki kusan rabin sa'a ana kira ana katsewa. Ni ina tsaye da guduma, na rasa ko in ajiye ko in riƙe. A ƙarshe aka gano wani iyali ne na Hindu a Maskat ta Oman suka yi odar, suna son ta iso kafin bikinsu na fitilu. Aka ba Rafik lambar gidan. Matar gidan ce ta ɗauka, ya sa wayar a fili yana fassara mana.

Ta ce kwana huɗu ke nan da suka buɗe akwatin. Da suka ga rubutun Larabci sai mijinta ya kira maƙwabcinsu musulmi, shi ya gaya musu maganar Allah ce, ba a barinta a ƙasa. Maƙwabcin ya yi alwala, shi da 'ya'yansa suka ɗaga dutsen, ba wani wuri mai tsawo da zai ɗauke shi sai teburin cin abincinsu. Ta rufe shi da sabon farin yadi. Tun ranar a ƙasa suke cin abinci, kuma ta hana jikokinta shiga ɗakin da takalmi. Sannan ta yi wata gajeriyar tambaya, Rafik bai fassara ba.

"Me ta ce?" in ji Ammu.

"Tana tambaya ko tasu tana lafiya. Ko ba ta fashe a hanya ba."

Duk suka juyo suna kallon abin da ke hannuna. Ban taɓa jin na muzanta irin na wannan lokacin ba. Ammu ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ajiye gudumar nan, ya waladi. Ka ce mata lafiya lau take. Ba zan yarda ta kwana a Makka ba, amma kayan mutane ne, za a mayar musu."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ammu ya kira mukallis, shi kuma ya ce fitar da abin nan ta hanyar da ta dace sai da rubutaccen bayani, wa ya yi odar, wa ya karɓa, yaya aka yi ya wuce Jidda. Ammu ya ce in zauna in rubuta cewa Mu'allim Rafik ne ya yi oda kuma shi ya karɓa. Maganar tafiyarsa tana nan, domin dole a nuna an hukunta wani.

Na zauna, na ɗauki biro, na rubuta bisimilla. Hannuna ya ƙi wucewa daga nan. Rafik yana can yana mayar da ciyawa cikin akwatin a hankali, yana tari, bai ko kalle ni ba, alhali ya fi kowa sanin wanda ya je Jidda ranar Lahadi. Da ya tona ni da ya fi mini sauƙi. Na zaro takardar daga aljihu na miƙa wa Ammu.

"Ammu, ba shi ya karɓa ba. Ni ne. Uku na buɗe, sauran ƙwanƙwasawa na yi."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗago ya dube ni.

"Tun ɗazu tana aljihunka?"

"Tun ɗazu."

"Kana ji ina korar mutum?"

Na ce ina ji. Bai zage ni ba, ya ce kawai in gyara bayanin in rubuta gaskiya da sunana, in ajiye makullan sito a kan teburinsa.

Ni na tuƙa motar zuwa Jidda bayan azahar, akwatin a baya an ɗaure shi da igiya, bayanin a kan kujera kusa da ni. Duk motar da ta matso bayana sai gabana ya faɗi. Kwana biyu na yi ina amsa tambayoyin jami'an kwastan ina maimaita magana ɗaya, kafin aka yarda kuskure ne aka ba da izinin mayar da shi. Ammu bai kore ni ba, amma ya mayar da ni direban kai kaya, na shekara guda ina dakon tayil a zafin Makka, yaran da na koya wa aiki suna ba ni umarni. Bayan mako biyar kan mihrabin ya iso daga Maskat, a naɗe cikin farin yadin nan. Rafik ne ya ɗora shi da hannunsa.

Aƙidata tana nan inda take, ba abin da ya taɓa ta. Abin da na koya game da aikinmu ne da mutanensa. Dutsen da muke ɗagawa kullum, wani yana can yana jiransa da zuciya ɗaya, ko mun san shi ko ba mu sani ba. Kuma sa hannu shaida ce. Idan ka yi ta a kan abin da ba ka gani ba, ba lallai kai ne za ka biya ba, yawanci wanda ya fi ka rauni ne a wurin.

Rafik ya ƙara shekara uku tare da mu kafin ƙirjin ya ci ƙarfinsa. Bai taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba, ko sau ɗaya. Ya rasu a ɗakinsa na Kudai wata Alhamis da safe, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar, kuma duk tsawon hanyar abu ɗaya nake tunawa, cewa saura ƙiris in rubuta sunansa a takardar nan.