Akwatin Ƙarfe a Ƙofar Gidana

Na shekara ashirin ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja kafin na lura 'ya'yana ba su san komai ba sai kwalta da katanga. Su uku ne, duk mata. Daga makaranta sai gida, daga gida sai kanti. Shi ya sa na ƙudurta zan haɗa ƙaramar tirela da za a riƙa ɗaurawa a bayan motata, ta ɗauki katifa da tukunyar gas da jarkokin ruwa, mai tsayin da za ta bi hanyar gona ba tare da cikinta ya daki dutse ba.

A Karmo, wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, na samo ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya na wata tsohuwar a-kori-kura, haɗe da sifirin ɗinsa. Mai walda kuwa wani dattijo ne mutumin Ushafa, marar yawan magana. Duk Asabar yakan zo gidana a Karu da injinsa, mu tayar da janareto, mu yi aiki a ƙofar gida har la'asar.

Lokacin da abin yake ƙwarangwal ba wanda ya kula. Sai da muka rufe shi da faifan ƙarfe, muka yanka tagogi biyu ƙanana muka sa musu raga, sannan na ga masu wucewa suna rage tafiya. Mai gadin rukunin gidajenmu, wanda a da yake ɗaga mini hannu kawai, ya fara cewa in buɗe but ɗin motata. A masallaci wani ya tare ni yana murmushi.

"Alhaji, me ake ƙerawa ne haka?"

"Ta fita shan iska ce da iyali."

"A ina?"

"Bayan gari."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sa takalminsa. A shekarar ba a yin kwana biyu ba a ji an ɗauke wani a hanya ba, kowa kuma ya san cikin daji ake kai su.

Wata Asabar ciyaman na unguwa ya zo da mutum biyu. Bayan gaisuwa ya zagaya tirelar sau biyu, ya ƙwanƙwasa bangonta, ya tsaya a ƙofar.

"Me ya sa sakatar take ta waje?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Na sa ta ne don kada ƙofa ta buɗe a kan hanya. Amma da na ja baya na kalli abin da idonsa, sai na ga keji: ƙarfe ko'ina, taga mai raga, sakata a waje, ga manyan tayoyin shiga daji.

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Oga ya ce waje, na sa shi waje."

Ciyaman ya ce shi ba ya zargina, amma an kawo masa magana. An ce katifa biyu zan shimfiɗa a ciki, kuma dajin da ke bayan Ushafa na nufa. Ya roƙe ni in dakata tukuna.

Bayan tafiyarsu maganar ta tsaya mini a rai. Katifa biyu da dajin Ushafa ban faɗa wa kowa a unguwa ba. Mai walda na fara zargi. Idan wayarsa ta yi ƙara ya koma gefe yana yarensu, sai in kasa kunne kamar zan gane. Na tuna shi ne ya fara ambata mini wurin. Me ya sa yake son in kai iyalina can? Wa yake gaya wa ranar da za mu tafi? Na daina barinsa shi kaɗai, ko ruwa zan sha sai in kira yarinya ta kawo mini.

Asabar ta biyu ya kashe injinsa ya dube ni.

"Oga, in zuciyarka bai kwanta da ni ba, bari in kwashe kayana."

Na ce ba haka ba ne, amma ban iya haɗa ido da shi ba.

Daga nan zargina ya koma kan maƙwabcina na sama, wanda tagarsa ke kallon ƙofar gidana. Na ce ƙila yana jin hirarmu. Muka koma gaisuwa daga nesa, shi ma da alama yana da nasa tunanin a kaina.

Ranar wata Lahadi da hantsi ina karyawa, ina ta lissafa wa uwargida waɗanda nake zato. Tana ta yanka albasa har na gama. Sannan ta ajiye wuƙar.

"Abban yara, ka bar ɗaukar alhakin mutane. Ni ce."

Ta ce ita ta je wurin matar ciyaman, ta roƙe ta ta sa mijinta ya taka mini burki. Ba ta yi zaton abin zai zama zargi ba.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Sau uku ina ce maka anya kuwa, a wannan zamanin, da 'yan mata uku? Kowane lokaci sai ka hau ba ni labarin ƙarfin taya."

Na yi fushi na yini guda. Abin da ya fi damuna shi ne gaskiya ta faɗa.

Da mai walda ya dawo na ba shi haƙuri, na gaya masa duk abin da ya faru. Bai yi dariya ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya yanke sakatar ya mayar da ita ta ciki, ya faɗaɗa tagogin. Sannan ya ce in madam tana tsoro mu bar daji, mu zo gonar yayansa da ke bakin gari, inda ake jiyo muryar mata masu ginin tukwane.

Can muka je, bisa sharaɗin uwargida cewa mu juyo kafin la'asar. Tirelar ta hau duwatsu ta ratsa kwazazzabo, ko ƙara ba ta yi ba. Manoma suka dogara da fartanyoyinsu suna kallonmu, har wata tsohuwa ta leƙa ciki ta tambaya ko allurar rigakafi muka zo yi. Sai da mai walda ya yi musu bayani da yarensu suka koma aiki.

Yara suka bi matan gidan yayan mai walda zuwa wurin tukwane, suka dawo da yumɓu har gwiwar hannu. Uwargida, wadda ta ce ba za ta ko zauna ba, ta shiga tirelar don ta miƙe ƙafa, barci ya ɗauke ta. Ni kuwa na zauna a kan ƙarfen da ke haɗa tirelar da mota, da makullin motar a hannuna. Duk babur ɗin da ya taho sai na bi shi da ido har ya ɓace.